Daren Halowin a layinmu

Yau 31 ga Oktoba, daren Halowin a nan Amurka. Tun kafin magariba yara suka cika layi, kowa da shigar dodo da ɗan bokitinsa, suna bin gidajen da suka kunna fitilar ƙofa suna karɓar alewa. Kamar tashe dai, sai dai babu kiɗa. Ina tsaye bakin ƙofa sai ga wani yaro, bai fi shekara shida ba, baƙaƙen kaya har da abin rufe fuska, ya fito a guje daga tsakanin motocin da aka ajiye. Mai mota ya taka birki, taya ta yi ƙara. Wallahi gabana ya faɗi. Yaron ko waigowa bai yi ba, alewa yake hange.

Iyaye sun fi damuwa da duba alewa ko an sa wani abu, alhali mota ce babbar barazana a wannan dare. Maƙwabciyata ta liƙa wa yaranta tef mai ƙyalli a baya, ta ba babbansu tocila, kuma hannun autar bai bar nata ba. Ni dai direban nan nake ta tunani, ban ga alamar zai iya barci yau ba.