Abin da aikin tace littattafai a Kano ya koya mini

Na ajiye aikin tace rubutu a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai da ke Kano bayan shekaru masu yawa ina yinsa, kuma tun daga lokacin abokai ke tambayata ko na gudu ne don harkar ta mutu. Harkar ba ta mutu ba. Duk wanda ya zauna a teburin da rubuce-rubuce ke sauka ya san cewa garin nan bai taɓa rasa mai rubutu ba, bai kuma taɓa rasa mai karatu ba. Wanda ake yawan rasawa shi ne maigidan da zai riƙe amanar waɗannan mutane biyu.

Kafin tsakiyar shekarun 1980, mai son ganin an buga masa littafin Hausa sai dai ya dubi Zariya, inda Kamfanin Gaskiya da NNPC, wato kamfanin buga littattafai na Arewa, suke, ya aika ya zauna jira, alhali hankalin manyan kamfanoni ya fi karkata ga littattafan da makarantu za su saya. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, sai Kano ta yi wa rubutu abin da ta saba yi wa kowace sana'a: matasa suka riƙa haɗa 'yan kuɗaɗensu su kai maɗaba'a, su ɗauko littafin da kansu su kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari. A cikin wannan yanayi ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta taso, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suka kasance cikin jiga-jiganta. A shekarun 1990 malaman jami'a sun yi ta fafatawa a jaridu, Ibrahim Malumfashi yana sukar wannan rubutu yana kiransa Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna kare shi, su kuwa 'yan sari suna can suna ɗaure littattafan suna lodawa zuwa Sakkwato da Jos da Maraɗi da Damagaram. A gadon wannan kasuwa na samu aiki, a ƙarƙashin mutumin da ya shigo ta daga baya, bayan wasu sun share fagen.

Maigidanmu ɗan kasuwa ne na gaske, ba zan hana shi wannan ba, domin ya san farashin takarda a kowane mako kuma ya san dillalin da ke biya da wanda ke ja. Amma a iya zamana da shi ban taɓa ganin ya karanta littafin da muka buga daga farko har ƙarshe ba. Idan aka kawo rubutu, ɗaga shi yake yi a tafin hannu ya ji nauyinsa, sannan ya faɗi kashi nawa za a raba shi.

Wata rana wani yaro ya kawo rubutun yayarsa a cikin leda. Matar aure ce a wata unguwa ta cikin gari, ta cika littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da shuɗin biro, wasu shafukan har da ɗigon manja a gefe. Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu, dangin miji suka tasa ta a gaba a kan gado, kuma tun ban gama littafi na farko ba na san cewa wannan baiwar Allah ta iya zance, ta kuma san inda ake yin shiru. Aikina a kansa bai wuce gyaran ƙa'idojin rubutu ba, wato raba kalmomin da ta haɗe da haɗe waɗanda ta raba, sai 'yan tambayoyi da nakan rubuta a gefen shafi in ba ƙanenta, ita kuma ta amsa da jan biro a dawo mini da shi. Labarin ya ƙare cif a kashi biyu. Da na gaya wa Alhaji haka, sai ya ce, "Malam, na ɗaya da na biyu ba sa mayar da kuɗin filetin bugu, huɗu za a yi." Na ce ba a ƙara wa labarin mutum abin da bai rubuta ba sai da izininsa. Ya ce ya ji.

Abin da ya yi shi ne, ya karɓi aikin daga wurin mai buga mana rubutu a kwamfuta ya ba wani matashi da ke yi masa irin wannan hidima, aka cusa biki na kwana da kwanaki, da lissafin akwatunan lefe, da tafiya Dubai, da wani fage na cikin ɗaki wanda marubuciyar ba za ta taɓa rubuta irinsa ba. Aka manna hoton 'yar fim a bango, aka kai kasuwa, ni ban gani ba ita ma ba ta gani ba. A wancan lokacin kuwa ba a wasa da irin wannan. A 2007 an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata, a 2008 kuma Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa tun 2001, ta buƙaci marubuta su yi rajista, saboda haka shafi guda na batsa ya isa ya zubar da mutuncin matar aure a gidan mijinta da cikin danginta.

Masu karatu ne suka fara ganewa. Al'adar littattafanmu ce a sa lambar wayar marubuci a ciki, don haka mata suka yi ta kiranta suna cewa na uku ba hannunta ba ne, wasu har suna nuna mata shafin da muryarta ta tsaya aka shiga ta wani. Mijinta ya zo ofis tare da yayanta, ransa a ɓace amma bai ɗaga murya ba. Alhaji ya tarbe su da lemo, ya saurare su har suka gama, sannan ya nuna ni ya ce ga mai tacewar nan, duk abin da ya fita daga kamfanin nan ta hannunsa yake bi. Da na buɗe baki sai ya ce, "Malam, ba a gaban baƙi ba." A ƙarshen wata aka zaftare mini albashi da sunan asarar kwafin da aka dawo da su, kuma har na bar wurin ba a mayar mini da ko sisi ba, ba a kuma taɓa cewa a yi haƙuri ba. Mai iyali ba ya ajiye aiki don fushi, shi ya sa na zauna.

Daga wannan al'amari na fahimci inda ƙarfin adabin Kano yake. Ba a ofisoshin masu buga littattafai yake ba, kuma duk da girman aikin da ake yi a Jami'ar Bayero, ba a can kaɗai yake ba. Yana wurin matar da ke karɓar littafi haya a shagon unguwa ta karanta tsakanin girkin rana da na dare, ta miƙa wa maƙwabciya, su yi gardama a kan abin da tauraruwar ta yi kamar 'yar ɗakinsu ce. Yana wurin masu sauraron da ke jiran lokacin da za a karanta littafi a gidajen rediyon garin, su bugo waya su yi gyara idan mai karantawa ya tsallake wani wuri. Mutanen da za su iya bambance salon marubuciya da na ɗan cike gurbi daga 'yan shafuka kaɗan ba jahilan masu saye ba ne, ko da Alhaji ya rayu yana ɗaukarsu haka. Ita kuwa marubuciyar tana riƙe da littattafanta na asali masu jan biro, ta san abin da na taɓa da abin da ban taɓa ba, kuma duk rubutun da ta yi bayan wannan ni ta aiko wa ƙanenta da shi, a gida ba a ofis ba.

Sauran labarin kowa ya san shi. Harkar fim ta janye marubuta da dama tun ƙarshen shekarun 1990, takarda ta ƙara tsada, sannan wayar hannu ta zo. Kasuwar littafin da aka buga ta ja baya ƙwarai, kamfaninmu ya koma buga kalanda da katin biki da fastocin 'yan siyasa, Alhaji kuma ya yanke hukunci cewa mutane sun daina karatu. Ba su daina ba, sun dai daina bi ta hannunsa ne. Marubuciya a yau takan saki labarinta shafi-shafi a zauren WhatsApp da ake biya kafin a shiga, ko a Wattpad da ArewaBooks, wasu kuma a karanta shi da murya a YouTube, kuɗin ya faɗa asusunta kai tsaye. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke rubutu a ɗakunansu, reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya yana nan da zamansa na karatu da sharhi, 'yan littattafai na Kasuwar Kurmi kuma ba su fasa sayar da littattafan addini na Larabci da ajami ba. Ba zan ɓoye cewa da yawa daga abin da ake saki a waya yana fita ba tacewa, da Ingausa da rashin ƙa'ida, wani ma da batsar da marubuciyar ce da kanta ta zaɓi ta sa. Wannan yana damuna, amma aƙalla laifin na mai shi ne, ba wanda aka ɗora wa wata ba.

Ga matashin da zai shiga tace rubutu, ya ajiye kwafin duk abin da ya gyara tare da kwanan wata, kada kuma ya yarda sunansa ya hau littafin da bai ga bugunsa na ƙarshe ba. Ya girmama mai buga rubutu a kwamfuta, domin shi ne ya fi kowa sanin abin da aka canza da dare. Marubuci kuma kada ya ba da kwafinsa tilo, kada ya sayar da labari ɗungurungum don kuɗin cefanen wata guda, kuma ko da ɗan unguwarsu zai yi hulɗa, a rubuta yarjejeniya a sa hannu gaban shaidu. A cikin takardar a faɗi adadin kwafin da za a buga ƙarara, kuma ya je da kansa ranar bugu ya ƙirga, saboda akwai maɗaba'ar da injinta ba ya tsayawa a adadin da aka gaya wa marubuci, yakan ci gaba da aiki bayan sallar isha'i, ɗaurin da ya fito a lokacin kuma ba ya shiga littafin lissafi.