Abin da Majema Suka Koya Mini Game da Jami'a

Ɗaliban ilimin sinadarai a Kano sun daɗe suna ɗibar ruwa a rafin Jakara da kogin Challawa suna aunawa. Sakamakon kusan ɗaya ne: akwai kuromiyom, sinadarin da masana'antun jimar fata na Bompai da Sharada da Challawa ke aiki da shi. Sai a ɗaure kundin, a ba da maki, a jera shi a kanta. Manomin da ke ban-ruwan latas da kabeji da wannan ruwan kuwa ba mai komawa ya gaya masa. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya tun ina ɗalibi.

Lokacin da muka fita SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, an tura ni wata masana'antar jima, amma inda idona ya buɗe shi ne wajen majeman gargajiya na cikin gari. Su ba ruwansu da kuromiyom. Fata sai ta sha toka gashinta ya saki, a kankare ta, sannan a tsoma ta a ruwan bagaruwa da aka daka. Na ga wani dattijo ya matse fata tsakanin yatsu biyu, nan take ya ce a mayar da ita, ba ta ƙoshi ba.

Na ce, "Baba, me ya fi ba ku wahala a sana'ar nan?"

Ya ce, "Yaro, bagaruwa ce. Wani buhun da ƙarfi, wani lami, kuma ba ka ganewa sai fata ta lalace."

Auna ƙarfin sinadarin jima da ke cikin bagaruwa aiki ne da ɗakin gwajin jami'a zai iya yi ba tare da wata wahala ba. Ga tambaya a hannun mai buƙata, mu kuma muna can muna maimaita maudu'in da 'yan ajin gabanmu suka yi. Tun daga nan na gane cewa bincike mai amfani daga bakin masu sana'a yake farawa, kuma bai kammala ba sai amsa ta koma musu da Hausa.

Ba wai ba a yi ba ne. Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da Cibiyar Noma a Busassun Yankuna da ke aiki da manoma kai tsaye, ga kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da talaka ke zuwa kullum. Likita da malamin gona dole su haɗu da jama'a. Mu 'yan sinadarai da injiniyoyi ne muka fi zama cikin katanga.

Da ni ke da iko, duk ɗalibin da ya ɗebi ruwa ko ƙasa a wata unguwa, ba za a sa hannu a kundinsa ba sai ya rubuta shafi guda da Hausa, ya je ya karanta wa mai unguwa da mutanen wurin, su yi masa tambayoyi.