Daga digirin akanta zuwa rufe lissafin wata

Bayan hidimar ƙasa na fara aiki a matsayin ƙaramin akanta a wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Kano. Jami'a ta koya mana ƙa'idoji, amma abin da ake auna sabon akanta da shi guda ne: shin zai iya rufe lissafin wata, littafin kamfani ya yi daidai da na banki?

Ga yadda nake yi. Ranar ɗaya ga wata nakan karɓi bayanin asusu daga banki, in jera shi a Excel gefe da gefe da littafin kuɗinmu, in bi layi-layi ina sa alama. Abin da ya rage babu alama shi ne aikin. Yawanci cajin banki ne da ba a shigar ba, kamar naira 50 da ake cira idan kuɗin da aka tura ya kai dubu 10, ko cinikin POS da ya shigo washegari bayan an zare kamasho, ko cek ɗin da muka bayar ba a kai banki ba tukuna. Wanda ya fi cin lokaci shi ne abokin ciniki ya biya ta asusun ƙaninsa ko yaron shagonsa, sunan da ke kan alat bai yi kama da na kan rasit ba. Maganinsa a gaban kanta yake: mai karɓar kuɗi ya rubuta sunan wanda ya turo a jikin rasit nan take.

Idan bambanci ya ƙi fita, kada ka fara bi daga farko. Raba shi da 9. In ya rabu cif, mai yiwuwa an juya lambobi ne, an rubuta 45,000 maimakon 54,000. In bai rabu ba, raba shi biyu ka nemi wannan adadin, domin kuɗin da aka shigar a ɓangaren da ba nasa ba, wato a shiga maimakon fita ko akasin haka, ninki biyu yake nunawa. Kuma ko naira ɗari ce kada ka cusa ta wani wuri don lissafi ya daidaita. Sau da yawa manyan kurakurai biyu ne suka kusa cinye juna.

Sai ranakun da ba a wasa da su. Harajin albashin ma'aikata yana zuwa hukumar haraji ta jiha kafin 10 ga watan gaba ya wuce. Harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, na tarayya ne, wa'adinsa 21 ga watan gaba. Kuɗin fansho, kashi 8 cikin ɗari na albashi daga ma'aikaci da kashi 10 daga kamfani, ana tura shi cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. A wajen VAT ɗin ne na ga sababbi suna yawan zamewa. Kashi 7.5 ne, amma idan farashin ya riga ya haɗa da harajin, kamar naira 107,500, harajin 7,500 ne, ba 8,062 ba. Raba jimlar da 1.075 ka samu ainihin farashin, sannan ka debe.

Akwai abin da ba a karantarwa a aji: maigida ya aiko a ba shi kuɗi daga cinikin ranar. Kuɗinsa ne, babu mai hana shi. Amma ka rubuta bauca, wato takardar shaidar fitar da kuɗi, ka kai masa da kanka cikin ladabi: "Alhaji, a sa mini hannu a nan." Ka shigar a matsayin abin da mai kamfani ya ɗauka, kada ka haɗa shi da kuɗin gudanarwa, in ba haka ba ribar ƙarshen shekara ƙarya za ta faɗa. Wannan takardar ce kuma za ta wanke ka ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

Maganar takardar ƙwarewa kuwa, ban ga amfanin jinkiri ba. ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya wadda aka kafa a 1965, tana da matakan jarrabawa uku, kuma mai digirin akanta daga jami'ar da ta amince da ita yakan samu a yafe masa matakin farko. ANAN kuma, ɗaya ƙungiyar akantocin, sai ka bi ta kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos. Ka yi rajista tun kana hidimar ƙasa, karatu bai huce ba, domin da zarar ka kama aiki makon farko na kowane wata ba naka ba ne.