Na hau Monte Alban, tsohon birnin Zapotek

Daga birnin Meziko zuwa garin Wahaka da ke kudancin ƙasar tafiyar mota ce ta kusan awa bakwai, kuma babu abin ba da labari a cikinta sai gyangyaɗi da sanyin na'ura. Washegari da sassafe muka kama hanyar Monte Alban. Kilomita tara ce kacal daga gari, amma duk hawa ce da kwana-kwana, har kunnuwana suka toshe.

Filin tsakiya shi ya fara ɗaure min kai. Mutanen Zapotek, wata ƙabila ta asalin mazauna yankin, sun hau dutsen da ya ɗara kwarin tsawo da kusan mita 400, suka sassabe kansa, suka baje shi sumul, fili guda mai tsawon mita 300, sannan suka zagaye shi da ɗakunan bauta da matakalu. Sun fara aikin nan wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba su da ƙarfe, ba su da jaki ko doki, da dutse suka fasa dutse. Kuma babu rafi a can sama, ruwa sai wanda aka tara da damina ko wanda aka hau da shi. Ni da na hau a mota da gorar ruwa a hannu ina haki, sai na rasa bakin magana. Birnin ya yi fiye da shekara dubu ana mulki daga cikinsa kafin a watse a bar shi, wajen shekara ta 800.

Ɗan rakiyarmu, wani dattijo Bazapotek mai malafa, ya kai mu gaban wasu faffaɗan duwatsu da aka sassaƙa mutane a jikinsu, kusan 300 aka samu irinsu. Mutanen baya sun ga ƙafafu a lanƙwashe da hannuwa a wargaje, suka sa musu suna masu rawa. Dattijon ya ce mu matso mu duba fuskokin. Idanu a rufe, baki a buɗe, wasu an yanke musu al'aura, an zana jini yana kwarara. Masana yanzu sun fi karkata ga cewa fursunonin yaƙi ne da aka kashe, aka jera hotonsu a bango don duk baƙon da ya shigo ya shiga taitayinsa. Wata Baturiya da ke ta gwada rawar don a ɗauke ta hoto, nan take ta sauke hannu.

Muna cikin haka sai ga wani ya ɓullo daga bayan bishiya, ya waiga hagu da dama, ya kwance hankici a hankali. Wani ɗan kai ne na yumɓu, da ƙasa-ƙasa a jikinsa. Cikin raɗa ya ce kakansa ne ya tono shi a gona, peso 800, don ni kaɗai. Malam, ni da na tashi a bakin Kurmi za a yi wa wannan? Na taya 50. Ya dafe ƙirji kamar na zage shi. Na juya na yi tafiyata, ya biyo ni har gindin matakala, muka daidaita a 120. Dattijon ya yi dariya ya ce dokar ƙasar ta hana sayar da kayan tarihi na gaske, saboda haka mutumin ko dai maƙaryaci ne ko ɓarawo, kuma ya fi kyautata masa zaton na farko. Kan yana da kyau dai, ko da makon jiya aka gasa shi.

Kayan gasken suna cikin gari, a gidan tarihi na Santo Domingo. A 1932 wani masanin tonon kayan tarihi, Alfonso Caso, ya buɗe kabari na 7 a Monte Alban, ya tarar da ɗaruruwan kayan ado na zinariya da azurfa da ƙasusuwan da aka yi wa zane siriri. Zapotek ne suka gina kabarin, amma maƙwabtansu, mutanen Mistek, ne suka zo daga baya suka binne manyansu a ciki. Abin da ya burge ni shi ne kulawar. Ba wanda ya isa ya ɗauki ko tsakuwa, kana taka inda aka hana za ka ji usur. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1987. Mu kuwa ganuwarmu ana ɗibar ƙasarta a yi bulo, kowa na kallo.

Abinci sai da taka-tsantsan. Faifan masarar nan da suke kira tlayuda, kitsen alade ake fara shafa masa, kuma mai sayarwa ba za ta faɗa maka ba sai ka tambaya, domin a wurinta ba nama ba ne. Matar da na sauka a gidanta, Allah Ya saka mata, da ta fahimci matsalata sai ta ware min tanda da cokali daban, kullum wake da ƙwai da cuku, kuma ta ƙi karɓar ko sisi a kai. Ita ce ta ja ni kasuwar Benito Huwares, mai sunan wani tsohon shugaban ƙasar Meziko da shi ma Bazapotek ne, inda na ga fara tsibi-tsibi a kwanduna, soyayyiya da barkono da lemon tsami. Na ɗebo na watsa a baki, mai farar ta saki baki tana kallona, ta saba baƙi sai an lallashe su. Na kora da zoɓo mai sanyi, don shi ma suna da shi, sai dai nasu babu citta babu kanumfari, kuma kuɗin kofi ɗaya ya ishe ka jarka a gida.

Mitla, wani tsohon garin Zapotek, mun je a gurguje. Bangayenta ƙananan duwatsu ne aka harhaɗa zane-zane da su ba tare da laka ba, kuma Turawan Sifaniya sun kwashi duwatsun wurin sun gina coci a kan wani sashe. A hanyar dawowa mun tsaya a Tule mun ga bishiyar da ake cewa babu mai kaurinta a duniya. Direba na ta matsa ham, ko zagaye ta ban gama ba muka wuce.