An sallamo Baba Malam, mun gode

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, an sallamo Baba Malam daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin da ta same shi, yana gida. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri don Allah, wallahi gajiya ce ta yi mana yawa, Inna ma sai jiya ta samu ta yi barcin kirki.

Ba sai na maimaita yadda abin ya faru ba tunda kuna biye da mu a guruf tun daren farko. Zan fara da maƙwabcinmu mai mota, wanda ya ƙi yarda a jira gari ya waye lokacin da wasu ke cewa a bari a gani ko zai wartsake, shi ya ce bakin da ya karkace da hannun da ya saki ba abin jira ba ne, ya ciccibe shi ya sa a mota ko takalmi bai tsaya sawa ba. Daga baya likita ta yi mana bayani cewa shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, ko jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, sai an ɗauki hoton kai ake ganewa, kuma maganin da ke narkar da gudan jinin yana da ƙa'idar lokaci, kamar awa 4 da rabi daga sanda abin ya fara. Allah ya saka maka da alheri Alhaji, na san ba ka son a faɗa amma sai na faɗa.

Abin da ya fi tsorata ni ba hannun ba ne, maganar ce. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyar da Larabci, nahawu da sarfu, da safe a makaranta, bayan magariba a masallaci, ga ajin manya da ya buɗe kyauta don waɗanda ba su samu karatu da ƙuruciya ba, shi ne yau yake kallona yana so ya kira sunana ya kasa, sai hawaye. Likita ta ce abin a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya taɓa shi, can ne cibiyar magana take ga yawancin mutane, shi ya sa gefen dama ya saki kuma harshe ya ɗaure, amma yana fahimtar abin da ake faɗa. Ni dai fita na yi na zauna a baranda, na kasa komawa ciki.

Sai ga wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu shi ma furfura ta fara fito masa. Bai yi dogon jaje ba, ya ja kujera kusa da gadon ya fara karanta baitocin Alfiyya a hankali, wato waƙar nahawun Larabci wadda Baba ya haddace tun yana saurayi, baiti wajen 1,000. Can sai ya yi kuskure a wasalin ƙarshen wata kalma, da gangan ya yi, daga baya ya faɗa min. Wallahi Baba ya ɗaure fuska, irin ɗaurewar nan da duk wanda ya zauna a ajinsa ya sani, ya ɗaga yatsan hagu, ya furta kalmar daidai. Ita ce magana ta farko da muka ji daga bakinsa. Nas ɗin da ke wurin ba ta san me ya sa muke kuka muna dariya ba. Malam ɗalibin Baba, Allah ya yi maka abin da ka yi mana, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka.

Matan ajin manya da suka haɗa gudunmawa a ɗan ƙyalle suka kawo wa Inna, marayun da yake tsaya wa a kwamitin masallaci da suka riƙa kwana a asibiti suna karɓar mu, na'ibin da ya riƙe limanci, ma'aikatan gashin ƙashi da ke fama da shi kullum ba ƙosawa, Allah ya biya ku da gidan Aljanna, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya jiƙan iyayenku. Akwai kuma 'yan uwa na jini da Baba ya sha tashi tsakar dare ya je sasanta rigimar gidajensu, har yau ko fulashin ba mu gani ba. Ba komai, muna kyautata zato, wata ƙila labari ne bai kai ba.

Masu zuwa dubiya, bismillah bayan la'asar, amma a riƙa shigowa kaɗan-kaɗan. Don Allah kar a ɗaga masa murya, yana ji sarai, kuma kar a yi ta tambayarsa "ka gane ni?" domin abin yana ɓata masa rai. In ya fara magana a ba shi lokaci ya ƙarasa da kansa. Darasin bayan magariba zai ci gaba ranar Asabar in sha Allahu, ɗalibin nan nasa ne zai riƙa ja kafin Baba ya ƙara samun ƙarfi.