Tabarmarmu a Bakin Bahar Maliya

Wata huɗu na yi a Jidda ban san fuskar matar da ƙofarta ke kallon tawa ba. Ina jin kukan jaririnta ta bango, ina jin ƙamshin girkinta a matakala, amma ko sau ɗaya ba mu yi gaba da gaba ba. Ni kuwa 'yar cikin birnin Kano ce. Na tashi a gidan da ba a rufe ƙofarsa sai dare ya raba: wannan ta shigo aron turmi, waccan ta turo yaro ɗibar garwashi, almajiri yana sallama daga zaure.

Maigida ya riga mu zuwa da shekara guda, aiki ya kawo shi wani kamfanin gine-gine. Mu kuma muka biyo shi a 2016, bayan ya samo mana igama, wato katin zama. Gidan ɗaki uku ne a hawa na biyu, babu tsakar gida, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani dare da rana. Shanya ma a ɗan barandar bayan kicin nake yi. Ƙarfe bakwai ya fice, sai gab da magariba, daga Lahadi zuwa Alhamis, don tun 2013 aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar. A lokacin mata ba sa tuƙi, sai a watan Yunin 2018 aka ɗage hanin. Ko gishiri ne ya ƙare, sai dai in kira mai baƙala, wato ɗan kantin unguwa, ya aiko, ko in jira maigida.

Kaɗaicin kaina da sauƙi. Yara ne suka tayar mini da hankali. A Kano ba na ganinsu sai yunwa ta koro su gida; a nan suka lafe gaban talabijin kamar marasa lafiya. Wata rana ina dama kunu na ce wa babbar 'yata ta miƙo mini ludayi. Ta tsaya tsakiyar kicin tana waige-waige, ba ta san abin da nake nufi ba. Shekararta shida, kuma ludayin yana rataye a gabanta. Ranar na yi kuka, na ce wa maigida dole mu riƙa fita, ko ina ne.

Fitarmu ta farko kuskure ce tun daga tushe. Da aka sauko daga masallacin Juma'a, cikin watan Agusta, muka ci abinci muka nufi Kornish, wato bakin teku, wajen ƙarfe uku. Ba kowa sai mu. Zafin Jidda ba irin na Kano ba ne da za ka fake a inuwa ka sami sa'ida. Iskar ce take da laima, gumi yana tsatsafowa ba ya bushewa. Ko rabin awa ba mu yi ba yaron ya fara jiri, muka kwashe tabarma muka koma mota. Daga baya na gane garin nan da dare yake rayuwa. Bayan isha'i, wurin da muka tarar fayau da rana ba ka samun inda za ka shimfiɗa darduma: iyali-iyali, kowa da filas ɗinsa da kularsa, jarirai suna barci a gefe, ga maɓulɓular Sarki Fahad can cikin teku tana watsa ruwa kusan mita 300 sama, an haska ta da fitilu.

A irin wannan daren ne Allah ya haɗa ni da Inna. Yarona ya ruga bakin ruwa, na ɗaga murya na ce, "Kai, dawo nan tun ban taso ba!" Sai wata dattijuwa a dardumar kusa da mu ta juyo, cikin baƙar abaya, ta ce, "'Yar nan, daga Kano?"

Na rasa bakin magana. Na matsa na durƙusa na gaishe ta, ta zuba mini gahawa a ɗan finjali, ta turo mini dabino. Ita ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakanta ne ya taso da ƙafa don sauke farali, ya ratsa Chadi da Sudan, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago yana tara guzuri, har ya hau jirgin ruwa daga Sawakin ya tsallako. A Makka aka haifi mahaifinta, a Makka aka haife ta. Hausarta tsohuwa ce, akwai kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana da rai, ga Larabci yana kutsowa tsakani. Irin su Inna, jikokin mahajjatan da suka zauna a nan, su ne ake kira Takari. Da yawansu suna ɗauke da sunan Hausawi a takardunsu, kuma ɗana bai taɓa mantawa da ranar da ya gano cewa Usama Hausawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, tushensa ɗaya da namu ba.

Inna ce ta buɗe mini garin. Ita ta nuna mini lungunan da ake sayar da kuka da daddawa da gero a tsofaffin unguwannin kudancin Jidda, ta sa maigida ya kai mu Sharar Mansur a Makka, inda muka ci tsire mai ƙuli-ƙuli da yaji wanda mutanen Hijaz suke kira sere, su ma suna rububinsa. Da na kai mata ƙarar maƙwabciyata, ba ta goyi bayana ba. Ta ce, "'Yata, ke me kika kai mata? A nan ba a jiran a ƙwanƙwasa maka. Ki dafa, ki rufe, ki kai."

Na soya waina, na yi miyar taushe, na ƙwanƙwasa gabana yana faɗuwa. Ashe Basudaniya ce daga garin Wad Madani, ita ma wata da watanni tana zaune ita kaɗai, tana tsoron kada ta takura mini. Kwana biyu kwanona ya dawo cike da asida, wadda kusan tuwo ce, da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Da na haihu a 2017, ita ta kwana da yarana, ita ta dafa mini ruwan wanka na kwana bakwai ɗin farko, da yake babu uwa babu ƙanwar uwa a kusa.

Sannu a hankali muka zama gida huɗu na Hausawa masu haɗuwa daren Juma'a. Kowa da abin da zai kawo, ni dambu ko waina, wata zoɓo da kunun aya, maza su biya su sayo kazar Albaik saboda yara. Doka ɗaya muka kafa, kuma ni na nace a kanta: duk wanda ya hau tabarma Hausa zai yi. Makaranta ta isa ta koya musu Larabci da Turanci. Da farko yaran sun yi ta ƙunƙuni, suna komawa gefe suna raɗa. Abin da ya janyo su shi ne tatsuniya. Inna za ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa, "Ta zo mu ji ta," sai ka ga an ajiye wayoyi an matso. Gizo da Ƙoƙi sun yi mana aikin da faɗana na shekara guda bai yi ba. Daga nan muka koya wa mata carafke da tsakuwar bakin teku, maza kuma langa a kan yashi.

Da rani mukan haura Ɗa'ifa, garin da ke bisa duwatsu, tsayinsa daga teku ya kai wajen mita 1,800. Hanyar Hada tana murɗewa kamar igiya, ga birai zaune a gefen titi suna jiran wanda zai buɗe gilashi. Zuwan farko ba mu ɗauki rigunan sanyi ba, ba mu yi zaton akwai inda ake rawar ɗari a ƙasar nan ba, sai da muka naɗe yara da dardumar salla. Yanzu bargo ba ya barin bayan motarmu.

Akwai abin da nake nadama a kansa, kuma nakan faɗa wa duk sabuwar zuwa. Tsakaninmu da Harami tafiyar kusan awa guda ce. Mazaunin Jidda daga ɗakinsa yake ɗaura harami ya wuce Umara, abin da iyayenmu suke tara kuɗin shekaru don su samu sau ɗaya. Amma saboda kusancin, sai muka riƙa cewa mako mai zuwa, har aka yi wata bakwai ba mu je ba. Mahaifiyata ce ta tambaye ni a waya yaushe rabona da ɗawafi, na kasa ba ta amsa. Tun daga nan muka ware Asabar ɗin farko ta kowane wata. Madina kuma, tunda jirgin ƙasan Haramaini ya fara aiki a 2018, kusan awa biyu ce daga Jidda.

Zaman nan ba ya rasa nauyinsa. A Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi a kan iyalan baƙi ma'aikata, riyal 100 kowane kai duk wata, ana ƙara 100 kowace shekara har ya kai 400 a 2020. Ni da yara uku, riyal 1,600 ke nan duk wata, kafin a zo maganar haya da kuɗin makaranta. A shekarar ce kuma harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Gida biyu daga cikin huɗunmu suka mayar da mata da yara Najeriya, mazan suka zauna su kaɗai. Mu ma mun zauna mun yi lissafi har tsakar dare fiye da sau ɗaya. Muka daina zuwa manyan kantunan nan masu wuraren wasan yara, inda kuɗi ke zubewa kamar ruwa a kwando, muka riƙe tabarmarmu, wadda ba ta cin komai sai man mota. Mazan nan biyu har yau suna zuwa daren Juma'a, nakan ƙara musu kwano, su kira iyalansu ta bidiyo yara su gaisa.

A 2022 aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda da dama, har da Sabil da Karantina da Gulel. Mai daddawata ta ɓace mini, gidan da Inna take haya ma ya tafi. Ta koma wajen ɗanta can gefen gari, ƙafafunta kuma sun yi nauyi, ba ta iya zaman ƙasa. Yanzu mu muke biyawa mu ɗauko ta, da kujerar roba a bayan mota. Juma'ar da ta wuce tana cikin tatsuniya tari ya sarƙe ta, na tashi zuba mata ruwa. Kafin in juyo, babbar 'yata ta karɓe labarin daga inda ya tsaya, tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, autana yana riƙe da gefen abayar Inna yana tambaya ko kura ta kama shi.