Yadda na dawo da littafin aku cikin gidana

Yarana uku duk suna jin Hausa, da ita muke magana a gida da ita suke faɗa da juna, amma ranar da na miƙa wa babbar littafin Hausa nace karanta min layi biyu sai ta tsaya tana in'ina kamar yau ta fara ganin baƙi, yarinyar da ke cinye littafin Turanci a zama ɗaya. Makarantar kuɗi suke zuwa a nan Kaduna, Hausa ko a jadawalin darasi babu ita, in ma an ji yaro yana yi a aji tara ce. Abin ya tsaya min a rai sosai, domin mu a gidanmu a Katsina da Magana Jari Ce aka yaye mu.

Na Babanmu ne, Allah ya jiƙansa, tun yana ɗalibi ya saye su, littafi na ɗaya da na biyu da na uku, bugun NNPC ta Zariya, ba ta man fetur ba fa, kamfanin ɗab'i nake nufi. A shafin farko akwai sunansa da ajinsa da tawada shuɗiya, a ƙasa Yayanmu ya zo ya rubuta nasa da biro, ni kuma na liƙa nawa a can gefe da fensir da wani karkataccen rubutu na 'yar firamare. Bayan rasuwar Baba littattafan suna cikin adakar Inna tare da zannuwanta na da, da na je hutu na roƙe ta, tace ɗauki biyu, na ukun yana wajen Yayanki kin san halinsa.

Sai da na fara da gyara kafin karatu, don gara ta ɗan taɓa gefen na biyun, bangon na ɗayan kuma ya rabu da jikinsa. A da can wani ya manna shi da salatif, shekaru suka ja salatif ɗin ya bushe ya faɗi ya bar tabo ja-ja a takardar har wasu kalmomin sun ɓace a ƙarƙashinsa, don haka duk mai tsohon littafi don Allah ya rabu da salatif. Wajen masu ɗinkin littattafai na kai, irin waɗanda ke ɗinka Alƙur'ani da littattafan malamai, dattijon ya juya shi a hannu ya yi dariya yace Hajiya ai wannan ya girme ki, ya ɗinke shi da zare ya yi masa bangon kwali mai kauri. Kafin ya ɗinke na sa aka yi min fotokwafi, ita nake ba yara su riƙe da hannun miyarsu, asalin kuma yana cikin leda da kafur a saman durowa inda sanyin damina ba ya kai wa.

Daren farko ban ma ce musu za a yi karatu ba. An ɗauke wuta, wayoyi babu caji, autan yana ta ƙunƙuni, kawai na kunna fitila na fara da ƙarfi. Labarin Sarki Abdurrahman da ɗansa Musa da jikansa Mahmudu, da wazirin nan maci amana, da yadda Sarki ya tafi yaƙi ya bar Musa a gida, shi kuma Musa kullum dare sai ya shirya zai fita ya bi su, sai akunsa ya tsare shi da labari har gari ya waye. Ban kai ƙarshen shafi na uku ba na ga sun matso. Abin da na gane da wuri shi ne in ka karanta shi da muryar karatun labarai na rediyo ka kashe shi, dole sai ka canza murya, aku da tasa mai iyayi, waziri da tasa, in an zo wajen kirari ka ɗaga murya har maƙwabta su ji. Haka Baba yake mana a tsakar gida bayan isha'i, har da tsayawa ya gyara zama ya sha ruwa daidai inda labari ya yi daɗi don ya ja mana rai, ni ma na ari wannan, ina rufe littafi a daidai inda suke cewa sai me ya faru Mama, in ce sai gobe in Allah ya kai mu.

Ba a jima ba suka juya min dabarar. Lokacin barci ya yi nace kowa ya tashi, sai na tsakiyan ya gyara murya yace Allah ya ba ki nasara ai tashin nan da kike cewa ya tuna min labarin wani mutum, nace wane mutum, ya fara zuba ƙarya tun daga Gabas har Yamma don dai kada a kashe fitila. Wallahi na yi dariya har da hawaye, kuma na bar shi ya ƙarasa.

Hausar littafin ba ta yau ba ce, wannan kam sai ka shirya. Malam Abubakar Imam an haife shi a Kagara a 1911, ya koyar a Midil ta Katsina, ya rubuta littafin nan a Zariya a 1936, ya fara fitowa a 1937, to ka ga duniyar da ke ciki ta dawakai da lifidi da kwalkwali da sulke ce, ta fatake da zango da 'yan kama, yaran da suka tashi a gidan haya a Kaduna ina za su san waɗannan. Da farko nakan tsaya in yi bayanin kowane abu, sai na ga labarin yana mutuwa a hannuna, daga baya na koma wucewa kawai, in sun tambaya in amsa a gajarce mu ci gaba, abin da ya gagare ni kuma mu kira Inna a waya da safe. Hawan Sallah da muka je kallo a Katsina ya yi min rabin aikin, autan yana nuna 'yan lifida yana ihu ga su can Mama ga na cikin littafi.

Inna kuwa ita ce ta ba ni mamaki. Ba ta yi boko ba, ko harafi ɗaya na littafin ba ta taɓa karantawa da idonta ba, amma da ta zo mana ziyara ina karanta labarin Kalala da Kalalatu sai ta katse ni tace kin tsallake wani wuri, na duba, na tsallake ɗin kuwa, shafi biyu ne suka manne. Duk daga bakin Baba ta haddace. Ita kuma tana da nata da ba sa cikin kowane littafi a gidanmu, Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, ta fara da ga ta nan ga ta nanku, yara suka yi shiru ba su san me ake cewa ba sai da ta koya musu ta zo mu ji ta. Da rana kuwa ko za ka ba ta duniya ba za ta yi ba, tace mai tatsuniya da rana ɓata yake a kasuwa. Na ɗauki muryarta a waya a wasu daren ba tare da na dame ta da shiri ba, don da ta ga ana saita waya take daburcewa ta koma magana kamar ana hira da ita a gidan rediyo.

Akwai ranar da babbar ta dawo makaranta da wani littafin Turanci tana huci, tace Mama labarin Sarkin Busa sata ne, ga shi nan na wani gari ne a Jamus, mai busan da ya kwashe ɓeraye aka hana shi ladansa ya dawo ya kwashe yaran gari. Nace ba ki yi ƙarya ba daga can ya fito, kuma ba shi kaɗai ba, marubucin ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Turai, ita kanta dabarar aku mai tsare mutum da labari daga Indiya da Farisa ta taso. Na sa ta karanta na Turancin ni na karanta na Hausar muka jera su, ta yi shiru can tace amma namu ya fi ban dariya. Ni dai ban ga abin ɓoyewa ba a nan, mutumin da ya ɗauko labarin wata ƙasa ya sa masa rawani da babbar riga har Inna ta rantse a garinsu aka yi, ai gwaninta ce.

Ba komai nake karanta musu yadda yake ba, gaskiya. Akwai wuraren da ake tsokanar Bafulatani ko Bamaguje, mu da muka tashi da wasan barkwanci mun san yadda abin yake, amma yaro da ke zama aji ɗaya da kowace ƙabila yana iya kwasar maganar ya je ya zubar inda za ta zama faɗa, don haka wani wurin in yi bayani wani wurin in zagaye sai sun ƙara girma.

Yanzu babbar ce ke karanta wa ƙannenta a fotokwafin, tana tuntuɓe a ƙ da ɗ amma tana tafiya, ni ina kicin ina jinsu ina gyara mata daga nesa. Sun gama na biyu, gasar aku da wani aku mai suna Haziƙ, sun matsa min sai na uku inda aku ke koyar da ɗansa Fasih. Na kira Yaya nace Yaya don Allah littafin Baba na uku, yace ke da kika kwashe biyu har kina da bakin magana, nasa yaran fa. Na sayi sabon bugu a kasuwa suna karantawa, amma na Baba da sunayenmu a ciki muna nan muna ja, Inna tace ita babu ruwanta mu sasanta da Sallah.